Barcin Jinƙai Ga Mai Ciwon Ajali: Ina Iyakarsa?

Duk wanda ya taɓa zaman jinya a Ikara, ko Maƙarfi, ko Kudan, ya san yadda al'amarin kan ƙare. Sai ciwon daji ya ci ƙarfin mutum kana a kai shi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, likita ya ce lokaci ya ƙure, a komo da shi gida yana nishi dare da rana.

A irin wannan hali likitoci suna da wata dabara. Idan azaba ta gagari kowane magani, sukan sa majinyaci barci da allura irin su midazolam har rai ya yi halinsa. Faransa ta halatta haka da doka a 2016. To, mu fa?

Ra'ayinmu shi ne, wannan ba kisa ba ne muddin niyyar likita sauƙaƙa wahala ce, kuma bai wuce gwargwadon bukata ba. Wanda ya yi allura don ya gaggauta ajali kuwa ya yi kisan kai, ko a shari'a ko a Final Kod.

Amma akwai abin dubawa. Burin Musulmi ya cika da kalmar shahada a bakinsa, ya bar wasiyya, ya nemi gafarar iyalinsa. Mai barci ba ya yin ko ɗaya. Saboda haka wajibi ne a tambayi majinyaci tun yana cikin hayyacinsa, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ana kuma iya sassauta maganin lokaci-lokaci ya farka ya gana da nasa.

Sannan kada barci ya zama mafakar gazawa. Tun 1986 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shimfiɗa matakan kashe raɗaɗin ciwon daji, daga farasitamol har zuwa mofin, wanda yakan kwantar da ciwo ya bar mutum da hankalinsa. Sa mutum barci alhali ba a gwada masa wannan ba zalunci ne.

Ya 'yan'uwa ɗalibai da ma'aikata, gobe mu ne a ofisoshin lafiya. Lalle ne mu tsaya a kai mofin asibitocin ƙananan hukumominmu bisa tsaro, a horar da masu ba da shi, malamai da likitoci kuma su zauna su fitar da ƙa'ida. Barci ya zama ƙofar ƙarshe, ba ta farko ba.