Shekara 50 ko 70: gardamar da ba ta kai kasuwar Magarya ba

Jamhuriyar Nijar ta kafa dokar haƙƙin mawallafa a 1993, ta buɗe ofishin BNDA don karɓar wa mawaƙa da marubuta haƙƙinsu. Ita kuwa yarjejeniyar Bangui, wadda Nijar ke cikinta, ta ja wa'adin kariya zuwa shekara 70 bayan rasuwar mai fasaha a gyaran 1999, sannan aka komar da shi 50 a Bamako cikin 2015. Nijeriya tana kan 70.

Bambancin ba ƙarami ba ne ga mutanen Magarya da Dungas, waɗanda kunnensu ke Kano da Daura, ƙafarsu ke kasuwar Maigatari. Alhaji Mamman Shata ya rasu a 1999. Da lissafin Nijeriya, waƙoƙinsa ba za su zama na kowa da kowa ba sai bayan 2069. Da ma'aunin 50 kuwa, 2049 ta wadatar. Waƙa ɗaya, makaɗi ɗaya, iyaka ta raba hukunci.

To, wa ya ci ribar ƙarin shekara 20? A Amurka an san amsar: majalisa ta ƙara wa'adin a 1998, kamfanin Disney ya riƙe Mickey Mouse na 1928 har farkon 2024. Can akwai lauyoyi da rajista da masu bin bashi. A nan fa? An kwafi kaset ɗin Shata yana raye, aka koma faifan CD, aka kai ga tura waƙa cikin waya a rumfar mai caji, ba a tsaya tambayar magada ba. Tsawon wa'adi bai hana ɗan kasuwa kwafa ba. Wanda yake ɗaure wa hannu shi ne mai son bin doka: malamin da zai buga waƙoƙin a littafi, ko gidan rediyon da zai adana tsofaffin muryoyi.

Shekara 50 ta ishe ƴaƴa da jikoki, in har kuɗin na isa hannunsu. Nan ne aikin yake. Makaɗin fada ko na manoma a ƙauyukan Dungas, wanda bai taɓa cike takarda da Faransanci ba, ba zai tafi Yamai neman rajista ba. Kamata ya yi BNDA ta same shi a inda yake, ta rubuta sunansa da waƙoƙinsa da Hausa, ta kuma riƙa bayyana abin da ta karɓa daga gidajen rediyo da wanda ta biya. Ƴan majalisar yankin su nemi wannan lissafi tukuna, kafin a dawo kan maganar shekaru.