Tura Tambayoyin Jarrabawa a Zaure: Wa Muke Taimako, Wa Muke Zalunta?

Jama'a, yau ba raddi zan mayar wa kowa ba. Maganar cikin gida ce, kuma na san ba za ta yi wa wasunmu daɗi ba. Amma gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Duk shekara idan lokacin JAMB da WAEC da NECO ya zagayo, zaurukanmu na WhatsApp da Telegram sai su sauya kama. Zauren da aka buɗe don tattauna al'amuran mazaɓa, ko na matasan unguwa, ko na tsofaffin ɗalibai, sai ka wayi gari ka ga saƙonni na ta sauka: "Ga tambayoyin Kemistiri da suka fito da safe, a tura wa 'yan rana." "Duk wanda ya yi Fiziks yau ya taimaka da abin da ya tuna." "Amsar Turanci ta shigo, a kwafa kafin a goge." Mai turawa ya rufe da "a yaɗa saboda Allah", masu karɓa kuma su bi shi da "Allah ya saka da alheri". Babu wanda yake jin ya yi laifi. Wasu ma gani suke yi aikin lada suka yi wa 'ya'yan talakawa.

To ni dai ra'ayina a fili yake: wannan abu sata ce. Kuma wanda ake yi wa satar ba JAMB ba ce, ba WAEC ba ce. Ɗan maƙwabcinka ne. Ku ba ni dama in yi bayani.

Mu fara rarrabewa, don kada a yi kuɗin goro. Abu uku ne ke yawo a zaurukan nan, kuma hukuncinsu ba ɗaya ba ne.

Na farko, tsofaffin tambayoyin shekarun baya. Waɗannan babu komai a kansu. Ana sayar da su a shagunan littattafai, malamai na koyarwa da su, kowa na iya samu. Haka manhajar da JAMB ke fitarwa, wadda ta jera abin da za a karanta a kowane darasi. Yaɗa su alheri ne.

Na biyu, bayanin yanayin jarrabawa. Wanda ya shiga ya fito ya gaya wa na baya: ka isa da wuri, za a ɗauki hoton yatsanka, ba a shiga da waya ko agogo, tambaya 180 ce cikin awa biyu, 60 na Turanci sai 40 a kowane ɗaya daga sauran darussa uku, idan ba ka saba da linzamin kwamfuta ba ka danna A, B, C ko D don zaɓar amsa, N don gaba, P don baya. Wannan ma taimako ne na gaske, musamman ga yaron da bai taɓa zama gaban kwamfuta ba.

Na uku shi ne inda gizo ke saƙar: tambayoyin jarrabawar da ba a gama ba. Ko dai wanda ya fito ya rubuto abin da ya tuna don waɗanda za su shiga bayansa, ko takardar da ta zurare kafin lokaci, ko amsoshin da ake turowa ana tsakar rubutu. Ma'aunin mai sauƙi ne. Ka tambayi kanka: akwai sauran wanda bai zauna wannan jarrabawar ba? Idan akwai, ka riƙe yatsanka.

Me ya sa abin ya fi ƙamari yanzu? Tun 2015 JAMB ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya. Ɗalibai kusan miliyan biyu ba za su iya zama a lokaci guda ba, don haka ake raba su kwanaki, kowace rana kuma rukuni-rukuni. Tsarin nan a kan amana yake tsaye: wanda ya shiga ranar farko da wanda ya shiga ranar ƙarshe su tarar da ma'auni ɗaya. Da zarar na farko ya fito ya zazzage abin da ya gani a zaure, ya karkata ma'aunin. Abin dariya ma shi ne kansa ya fara cuta, domin ya ba abokin takararsa abin da shi bai samu ba.

Yanzu ga hujjar da na fi ji a bakin mutanenmu: "Ai wasu yankunan suna yi, idan mu ba mu yi ba za a bar mu a baya." Wannan magana tana da daɗin ji, amma a duba yadda ake raba gurbin karatu a jami'o'in tarayya. Kashi 45 cikin ɗari na cancanta ne, kowa da kowa. Kashi 35 na jihohin da ke kewaye da jami'ar. Kashi 20 na jihohin da aka ɗauka suna baya a ilimin boko. Wato fiye da rabin gurbin, yaronmu da ɗan'uwansa yake takara. Mai neman likitanci a BUK ko ABU Zariya ko jami'ar Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, mafi yawan waɗanda zai goga da su a wannan kason 'yan jiharsa ne da maƙwabtanta. Gurbin kuwa ƙidayayye ne. Ba ya ƙaruwa don makin yara ya ƙaru. Idan ka ɗaga wani da maki ashirin na sata, akwai wani da ka ture daga layi, kuma mai yiwuwa ku sha ruwa a rijiya ɗaya da mahaifinsa.

Wane ne wannan da aka ture? Ba ɗan mai kuɗi ba ne, shi idan bai samu a nan ba akwai jami'ar kuɗi, akwai ƙasar waje. Wanda aka ture shi ne yaron ƙauye da ba shi da babbar waya, ba shi da kuɗin data, ba ya cikin kowane zaure. Ita ce yarinyar da ta yi wata shida tana karatu da fitila bayan ta gama aikin gida, wadda iyayenta suka ce shekara ɗaya za su ba ta, idan ba ta samu ba shi ke nan. Waɗannan ba za ka ga fuskarsu ba lokacin da kake danna turawa. Shi ya sa abin bai yi maka kama da zalunci ba. Amma rashin ganin wanda aka zalunta ba ya goge zaluncin. To ina taimakon talaka a nan, fisabilillahi?

Shi kansa wanda aka tura wa, me ya samu? Sau da yawa wahala. Tambayoyin JAMB ba lallai su zo iri ɗaya daga rukuni zuwa rukuni ba, sai yaro ya ɓata daren ƙarshe yana haddar abin da ba zai gani ba. A 2025 WAEC ta shigo da tsarin jujjuya jerin tambayoyin zaɓi a Turanci da Lissafi da Bayoloji da Tattalin Arziki, ta yadda lamba ta biyar a takardarka ba ita ce ta biyar a takardar na kusa da kai ba. Wanda ya shigo da "1 A, 2 C, 3 B" a rubuce a cinya, ya kwafi faɗuwa da hannunsa. Ga kuma 'yan damfara da ke buɗe zaure su ce a turo dubu kaza a sami "ekspo", daga kuɗi ya shiga su rufe lamba. Ita kanta JAMB ta sanar a 2025 cewa ta buɗe shafukan bogi na tarko, kuma akwai ɗaliban da suka faɗa, suka tura kuɗi tare da bayanansu. Ku tuna tun 2021 ba a rajistar JAMB sai da lambar NIN. A da yaro kan ɓata rawarsa bana ya sake fom baɗi kamar ba a yi ba. Yanzu lambar na biye da shi, kuma a 2025 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta ba da umarnin dakatar da duk ɗalibin da aka kama har shekara uku daga zama irin waɗannan jarrabawowi. Kai da ka tura kana gida kana barcinka, shi ne zai ɗauki dakon.

Idan kuma ana son ganin wanda ke biyan bashin zurarewar takarda, a tuna ranar 28 ga Mayu, 2025. Duk mun ga hotunan yara a jihohi daban-daban suna rubuta Turancin WAEC cikin dare, da tocilan da hasken waya, iyaye na tsaye a bakin ƙofa hankali a tashe. WAEC ta fito ta ba da haƙuri, ta ce ƙoƙarin hana fitar tambayoyi na cikin abin da ya jawo jinkirin. Mun zagi hukumar, kuma ta cancanci suka. Amma mutum nawa ne a cikinmu suka tambayi kansu ko suna cikin masu cinikin da ya sa takarda ke zurarewa? Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ba don akwai masu jira a zaure ba, da babu mai ɗaukar kasadar fitar da ita.

Wani zai ce da ni: "Malam, su hukumomin tsarkaka ne?" A'a. A 2025 ɗin nan dai, shugaban JAMB Farfesa Ishaq Oloyede ya fito gaban 'yan jarida har da hawaye, ya amsa cewa tangarɗar na'ura ta shafi sakamakon ɗalibai 379,997 a Legas da jihohin Kudu maso Gabas, aka sake musu jarrabawa. WAEC ma ta fitar da sakamako cewa kashi 38.32 ne suka sami kiredit biyar har da Turanci da Lissafi, bayan 'yan kwanaki ta dawo ta ce an yi kuskure wajen maki, adadin ya koma 62.96. Ga makarantun gwamnati da yaro zai gama aji shida bai ga malamin Fiziks ba. Ga santocin nan da ake kai 'ya'yan masu hali a rubuta musu amsa a allo. Duk gaskiya ne, kuma ba za mu daina faɗa ba. Sai dai ku duba: kurakuran nan biyu an gyara su ne saboda ɗalibai da iyaye da malamai sun ɗaga murya da ƙarfin gwiwa, sun ce mun san abin da muka rubuta. Wanda ya kwafa ba shi da wannan bakin. Kuma maganin makarantar da babu malami shi ne a kawo malami. Idan muka rufe ramin da satar amsa, sakamako ya fito da kyau, mun wanke wanda ya ƙi ɗaukar malamin da hannunmu.

Doka kam akwai ta tun tuni. Bayan babbar zurarewar takardun WAEC ta 1977 an kafa kwamitin bincike. Gwamnatin soja ta 1984 ta yi dokar ɗaurin shekara 21. Sai dokar 1999 da ake aiki da ita yanzu, wadda ta tanadi tara ko ɗauri, ta kuma haɗa da mai fitarwa da mai taimakawa. Shin an daina? Ba a daina ba. Doka ba ta iya shiga kowace waya. A da sai ka san wani wanda ya san wani. Yau yatsa ɗaya ya isa ya kai takarda ga mutum dubu kafin a sha shayi. Tunda abin ya dawo hannunmu, hana shi ma a hannunmu yake.

Akwai kuma abin da ya shafe mu kai tsaye, mu da muke kwana muna tashi cikin harkar siyasa. Babu abin da ke ƙona mana rai kamar a ce an sauya alƙaluma a wurin tattara sakamako, wanda jama'a suka zaɓa ya koma gida, wanda ya iya murɗiya ya hau. To me ya bambanta wannan da wancan? Jarrabawa ita ce layin farko da yaro ke tsayawa a gwada shi da sa'o'insa. Idan a nan muka koya masa cewa sakamako abin shiryawa ne, kada mu yi mamaki idan ya girma aka ba shi takardar sakamakon mazaɓa ya gyara ta. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Kuma wanda ya shiga makarantar koyon jinya da amsar waya, wata rana mahaifiyar ɗayanmu ce za ta miƙa masa hannu ya yi mata allura.

Saboda haka ga roƙona, kuma ba abu ne mai wuya ba.

Shugabannin zaure, ku kafa doka tun kafin lokaci, ku maƙala ta a sama: ba a turo tambaya ko amsar jarrabawar da ake cikin yi. Wanda ya turo a goge, a ja masa kunne a gefe cikin mutunci. Idan ya maimaita a fitar da shi, ko waye.

Ɗalibai, idan kun fito ku ba na baya labarin hanya da tsari da yadda za su raba lokacinsu. Tambayoyin ku bar su a ɗakin. Idan an gama gaba ɗaya, ku baje su a tattauna, na baɗi su amfana.

Iyaye da yayye, kuɗin da za ku ba mai "ekspo" ku biya wa yaro lesin da shi, ko ku yi masa rajistar jarrabawar gwaji ta JAMB ya saba da kwamfuta.

Masu saya wa yara fom kuwa, Allah ya saka, amma fom rabin aiki ne. A cikinmu akwai malamai, akwai masu digiri da ke zaune, akwai masu shagon kwamfuta. Aji ɗaya a makarantar firamaren unguwa, Asabar da Lahadi, wata uku kafin jarrabawa, da kwamfuta biyar da yaran ƙauye za su taɓa da hannunsu, ya fi saƙo dubu na "a yaɗa saboda Allah". Shi ne taimakon da ba ya ture ɗan kowa daga layi.

Wanda ya ga ba haka ba, ya kawo hujjarsa, ina saurare. Amma ya fara amsa mini wannan: yaron da aka ture, laifin me ya yi?

Allah ya ba 'ya'yanmu ilimi mai amfani, ya ba su sa'a da guminsu.