Tafiya Ikko Da Kaka: Kasaru Ko Cikawa?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka, ga Satumba ya yi nisa, ruwa ya fara janyewa a Arewa, fatake kuma sun soma ɗaure kaya zuwa Ikko. Wannan ne ya sa ’yan’uwa na Kakuri da Makera da Barnawa suka yawaita yi mana tambaya a kan sallar matafiyi.

Tafiya Ikko ba baƙon abu ba ne ga mutanen wannan ƙetaren kogi. Tun da hanyar jirgin ƙasa ta isa Kano a 1911 ake wannan zirga-zirga, kuma tsohuwar tashar jirgin nan ta Kaduna a gefenmu take. Ko da aka mayar da hedkwatar ƙasa Abuja a 1991, tashar jiragen ruwa ta Apapa da kasuwar Mile 12 da zangon Agege ba su tashi ba. Nisan kuwa ya haura kilomita 700, alhali abin da Ibn Abi Zaid ya ambata cikin Risala mil 48 ne, wato kimanin kilomita 80. Saboda haka babu ja a kan cewa mai zuwa Ikko matafiyi ne, kuma a mazhabar Imamu Malik sunna ce mai ƙarfi ya mayar da Azahar da La’asar da Isha’i raka’a bibbiyu. Magariba da Asuba suna nan yadda suke.

Daga ina ake farawa? Wasu sun ɗauka da zarar mutum ya haye gadar Kogin Kaduna ya fita gari. Ba haka ba ne. Kogin da ya ratsa tsakiyar gari ba ya mai da shi gari biyu, don haka mutumin Barnawa da ya ƙetare zuwa arewa zai tafi filin jirgin sama yana nan a matsayin mazauni har ya bar gidaje a bayansa. Wanda ya bi hanyar Abuja shi ma sai ya wuce unguwannin da suka haɗe da gari, irin su Gonin Gora.

Amma inda aka fi samun ruɗani shi ne bayan an sauka. Ka’idar dai ita ce niyya. Wanda ya ƙudurta zaman kwana 4 cikakku, waɗanda zai yi salloli 20 a cikinsu, ya fita daga hukuncin matafiyi tun daga isarsa. Ba a lissafa ranar shiga idan an shiga bayan fitowar alfijir, haka nan ranar fita. Ma’aikacin da aka tura taro, ya sauka Lahadi da yamma, zai taso Alhamis da safe, cikakkun kwanakinsa 3 ne, sai ya yi kasaru. Wanda aka tura kwas daga Litinin zuwa Jumma’a kuwa cikawa zai yi tun daga sallar farko, ko da a masauki yake kwana, ko da ofis ne ke biyan kuɗin guzuri. Muna jin wasu suna kafa hujja da kwana 15 na Hanafawa. Ra’ayi ne na manyan malamai, ba mu raina shi ba, sai dai bai dace mutum ya zama Bamalike a gida, ya tuna da Imamu Abu Hanifa sai ranar da ya gaji ba.

Ɗan kasuwa shi lamarinsa daban ne. Ya je fito da kaya a Apapa, an ce masa gobe, goben ta zo an ce jibi. Muddin bai yanke zaman kwana 4 ba, kuma a shirye yake ya taso duk ranar da kaya suka fito, to kasaru zai ci gaba da yi ko da ya yi wata guda. An ruwaito cewa Abdullahi ɗan Umar, Allah Ya yarda da su, ya yi wata 6 a Azarbaijan yana kasaru saboda ƙanƙara ta tare hanya. Amma a ji tsoron Allah: idan wakilinka ya tabbatar maka ba za a saki kaya kafin mako biyu ba, ka kuwa yanke shawarar jira, ka zama mazauni, ko da bakinka bai furta ba. Ba a yi wa Allah wayo da lissafin kwanaki.

Idan matafiyi ya shiga Babban Masallacin Ikko da ke titin Nnamdi Azikiwe, ko tsohon masallacin Shitta-Bey da aka buɗe a 1894, ya bi limami mazauni, to sai ya cika tare da shi, kada ya sallame a raka’a biyu.

A kuma kula da lokaci. Agogon Ikko da na Kaduna ɗaya ne, amma ranarsu ba ɗaya ba ce. Ikko tana yamma da mu da daraja 4, kowace daraja kuwa minti 4 ce. A ƙarshen Satumba, da yake dare da yini sun daidaita, rana tana faɗuwa a can bayan tamu da kimanin minti 16. Wanda ya riƙe jadawalin masallacin unguwarsu ya yi Magariba da shi a Ikko, ya yi salla kafin lokaci, ga kuma hadari da ke rufe rana, domin a wannan lokaci ruwa ke sake sauka a bakin teku. A jira kiran sallar gari. Haka nan a waɗannan kwanaki rana daga tsakiyar gabas take hudowa, alƙibla kuwa tana hagu da mahudarta da kusan daraja 27, don haka a karkata.

Wanda salla ta riska a bakin teku kada ya ce ruwan gishiri ne ya yi taimama. Ruwan teku mai tsarkakewa ne, kifinsa halal ne ko da mushe ne, kamar yadda ya tabbata cikin Muwaɗɗa.

A hanyar dawowa kuwa, kowa matafiyi ne, har wanda ya cika salla a can. Zai fara kasaru bayan ya bar gidajen Ikko, ya ci gaba har ya iso gidajen farko na Kaduna.