"A" Ko "An"? A Bar Kunne Ya Yi Alƙalanci

A wannan makon muna so mu taɓo wasu ƙananan kalmomi biyu na Turanci da ke cinye mana maki a ɓoye, wato "a" da "an". Tun muna firamare aka haddace mana cewa in kalma ta fara da ɗaya daga cikin wasulan nan biyar, a, e, i, o, u, sai a sa mata "an", in kuwa da baƙi ta fara sai a sa "a". A ganinmu rabin ƙa'ida aka ba mu, kuma ƙaramin sani ƙuƙumi ne.

Abin da ake dubawa shi ne sautin da ya fara fitowa daga baki lokacin furta kalmar. Harafin farko na "hour" da "honest" baƙi ne, amma ba a furta shi, don haka ake cewa "an hour" da "an honest man". Su kuwa "uniform" da "university" da "European", ko da yake da wasali aka rubuta su, da sautin "yu" suke farawa, shi ya sa ake cewa "a uniform" da "a university".

Haka abin yake a taƙaitattun sunaye. NECO da NYSC harafi ɗaya suka fara da shi. Na farko "neko" muke kiran sa, sai a ce "a NECO candidate". Na biyu kuwa da "en" yake farawa, sai a ce "an NYSC member". Ɗan ajin SS2 ma "an SS2 student" ne.

Me ya sa muke yawan tuntuɓe a nan? A Hausa abin da ka rubuta shi za ka karanta, "h" ɗin "hanya" ba ya taɓa yin shiru. Turanci ba haka yake ba, rubutunsa da furucinsa sukan raba hanya.

Akwai kuma abin da ya kamata mu sani: asalin "an" kalmar "ɗaya" ce a tsohon Turanci. Saboda haka ba a sa ta sai ga abin da ake iya ƙirgawa. "An advice" da "an information" duk kuskure ne, sai dai "a piece of advice".

Wani zai ce harafi guda bai kai a ɓata masa lokaci ba. To, masu duba insha'i a WAEC da NECO suna cire maki a kan kurakuran nahawu, kuma ba a shiga jami'a ba tare da kiredit a Turanci ba. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Muna roƙon malaman Turanci su ware mana ko da minti biyar a kowane darasi mu riƙa karatu da babbar murya, suna gyara mana furuci. Mu kuma ɗalibai, kafin mu rubuta "a" ko "an", mu furta kalmar da ke biye a hankali mu saurari kanmu. In mun yi shakka, mu duba ƙamus a laburare, domin yana nuna yadda ake furta kowace kalma.