Raddi ga Masu Cewa Rana da Jar Ƙasa ke Rina Kyanwa

Labari ya iso gare mu cewa wasu masu shagunan hatsi a Magama ta Jibiya, inda motoci ke ƙetarawa zuwa Ɗan Isa da Maraɗi, suna da'awar cewa kyanwa mai launin makuba ba abin mamaki ba ce, rana da jar ƙasa ne ke rina ta. Ga jawabinsu ɗaya bayan ɗaya.

Hujjarsu ta farko ita ce kyanwoyi masu ruwan ƙasa sun cika kasuwa. Sai mu ce, wanda ya buɗa gashin irin waɗannan ya duba da idon basira zai tarar kowane sili yana da baƙi da fatsi-fatsi, jikin kuma da zane-zane, wato kamannin kyanwar dajin Afirka wadda daga gare ta duk kyanwoyin gida suka fito. Amma makuba ta haƙiƙa, wadda har hancinta da tafin ƙafarta ba su da baƙi, da wuya ka gamu da ita.

Ta biyu, sun ce baƙin muzuru yakan yi ja idan ya daɗe a rana. Wannan gaskiya ne, sai dai koɗewa ce, kuma abin da rana ta koɗar ba ya shiga gado, shi ya sa 'ya'yansa ba sa zuwa a koɗe.

Ta uku, sun yi ƙiyasi cewa idan jan muzuru ya barbari baƙar kyanwa za a sami makuba, kamar yadda marini ke haɗa launi biyu a karofi. Wannan ƙiyasi ɓatacce ne, domin ƙwayar gadon ja tana kan sandar halitta ta X, saboda haka abin da ke fitowa shi ne mata masu dabbare-dabbaren ja da baƙi, maza kuwa su bi uwarsu.

Asalin al'amarin kuwa shi ne, ƙwayar gado mai suna TYRP1 tana da fuskar baƙi mai rinjaye da fuskar makuba mai ɓuya, wadda ba ta bayyana sai ɗa ya gaje ta daga uwa da uba gaba ɗaya, kuma ko baƙaƙen iyaye biyu suna ɗauke da ita, rabon kowane ɗa ɗaya ne bisa huɗu, kamar yadda masanin kimiyya Mendel ya bayyana a kan wake a 1865. Da gangan masu kiwo a Ingila suka haɗa jinsin Siyam da baƙaƙe a shekarun 1950 kafin su tsayar da irin da ake kira Havana.

Tun kafin wannan, Buhari da Muslim sun ruwaito yadda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kwantar da hankalin Balaraben da ya yi shakkar ɗansa, da misalin jajayen raƙuma masu haifar mai ruwan toka saboda jijiyar kakanni. Wallahu a'alamu.