Dutse Mai Rai Da Dutsen Magina Tukwane

A ƙasashen Turai da Amurka da Japan akwai masu sha'awar kiwon kifin teku a cikin gida. Sukan sami akwatin gilashi su cika shi da ruwan gishiri, su zuba ƙananan kifaye masu launi, sa'an nan su jera duwatsu a ciki don wurin ya yi kama da ƙarƙashin teku. Wanda suka fi so shi ne wanda suke kira dutse mai rai, wato ɓaraguzan murjani da ake tsamowa daga teku da ɗanyensu. Shi dutsen kansa ba shi da numfashi. Abin da ya sa ya sami wannan suna shi ne jikinsa duk ƙofofi ne, kuma a cikinsu akwai ƙwayoyin bakteriya da gansakuka da ƙananan halittu iri iri.

Amfaninsa kuwa ya wuce ado. Kifi yana fitar da wani dafi da ake kira amoniya ta kashinsa da numfashinsa. A teku ruwa yana da yawa, dafin sai ya salwanta, amma a cikin akwati taruwa yake yi har ya kashe kifin. To, ƙwayoyin nan da ke zaune a ƙofofin dutse su ne ke juya amoniya ta koma naitirayit, waɗansu kuma su juya wannan ya koma naitiret, wanda cutarwarsa kaɗan ce. Ashe dutsen matata ce, ƙwayoyin kuma su ne ma'aikatanta.

Sai dai kowane dutse da ya shiga akwatin wani attajiri, daga wani wuri aka ɓamɓaro shi. Murjani ƙananan dabbobi ne ke gina shi, kuma nau'in da ke yin dunƙule da ƙyar yake ƙara santimita ɗaya ko biyu a shekara. Tsaunukan murjani ba su kai kashi 1 cikin 100 na ƙasan teku ba, amma wajen rubu'in halittun teku da su suka dogara, kuma su ne ke karya ƙarfin igiyar ruwa kafin ta isa ƙauyukan masunta. Da ɓarnar ta fito fili, jihar Fulorida ta Amurka ta hana ɗibarsa a ruwanta a 1989, zuwa 1997 kuma aka rufe ɗibarsa a ruwan tarayya na wannan yanki. A ƙarshen 2017 gwamnatin tsibiran Fiji, inda aka daɗe ana lodinsa, ta sanar da hana fitar da shi.

Mutumin Bukuru ba ya bukatar ya ga teku kafin ya fahimci wannan labari. Tun farkon ƙarni na 20 kamfanonin Turawa suka dira a kan tudun Jos saboda kuza, har jirgin ƙasa ya iso Bukuru daga Zariya a 1914 don ɗaukarsa. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, tsakanin 1942 da 1944, an tilasta wa dubban talakawa daga lardunan Arewa aikin haƙa, da yawansu kuma sanyi da cuta suka kashe su. Kuza ya tafi Ingila, kasuwarsa ta rushe a 1985, aka bar wa mutanen wurin ɗaruruwan kududdufai masu zurfi a inda dā gonaki suke. Yau waɗansu ana noman rani a bakinsu, waɗansu kuwa sun sha cin mutane da dabbobi. Abin da ya sami gonar Bukuru shi ne ke samun gaɓar mai kamun kifi a can nesa: mai saye yana ganin kyan kaya, mai wuri yana zama da rami. Gani ga wane, in ji Hausawa, ya ishi wane tsoron Allah.

Mafitar da masu wannan kiwo suka samu ta kasu kashi kashi. Waɗansu suna amfani da busasshen dutse da aka haƙo a tudu, waɗansu da wanda aka curo da siminti da yashi. Akwai kuma na yumɓu, wanda ake ginawa da hannu a gasa shi a wuta, a yi masa lunguna da koguna yadda ake so. Hujjarsu a fili take: tun da ran dutsen a jikin ƙwayoyin nan yake, duk wanda ya gina musu gida mai ƙofofi za su tare a ciki. Wata fa'idar kuma, dutsen teku yakan zo da baƙin da ba a gayyata ba, irin su tsutsotsi da ƙaguwa masu cin kifi da murjani, na yumɓu kuwa wuta ta riga ta tsarkake shi.

Amma yana da nasa sharuɗɗan. Ranar da aka sa shi a ruwa fanko ne, sai an zuba masa irin ƙwayoyin, a jira mako huɗu zuwa shida ko fiye, ana auna ruwan, kafin a saki kifi. Cikin watannin farko gansakuka takan lulluɓe shi ya yi muni, sannu a hankali yake ɗaukar launin na teku. Kuma ba ya ƙara wa ruwa sinadarin alli kamar yadda dutsen murjani yake ɗan yi, sai mai kiwo ya ƙara da kansa. Wanda ya yi gaggawa zai yi asarar kifinsa. A nan maganar magabata ta zauna daidai, cewa mai haƙuri shi kan dafa dutse har ya sha romonsa.

Wannan fasaha ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan. Randa da tulu suna sanyaya ruwa ne domin jikinsu yana da ƙofofi da ido ba ya gani, ruwa yana tsattsafowa ta cikinsu. Irin wannan gashi ake bukata. Tangaran mai sheƙi, kamar wanda Ladi Kwali ta ƙware a kansa a makarantar tukwane da Michael Cardew ya buɗe a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yau, wutarsa mai tsanani ce, ƙofofinsa sun toshe, ba zai yi wannan aiki ba. Batun ƙarko kuwa, gumakan yumɓu na Nok da masu haƙar kuza suka tono, waɗanda suka sa aka kafa gidan tarihi na Jos a 1952, sun haura shekara 2,000 a ƙasa. Ga yumɓu da farar ƙasa a kan tudun, ga magina a Naraguta da ƙauyukan kewaye.

Masu akwatin kifin teku ba su da yawa a Nijeriya, amma masu kiwon tarwaɗa da karfasa a tankunan siminti da na roba sun cika gari, kuma jihar Filato ta san kiwon kifi tun da aka kafa gonar Panyam a farkon shekarun 1950. Amoniyar da ke kashe kifin teku ita ce ke kashe tarwaɗa, shi ya sa mai tanki yake zubar da ruwa kullum yana sayen mai don janyo sabo. In aka bi da ruwan ta cikin durom da aka cika da tsingaro ko curin yumɓu gasasshe, ana ba shi iska, ƙwayoyin za su zauna su rage dafin. Sai a kiyaye abu biyu: kada a sa mai fenti ko sheƙi, domin waɗansu suna ɗauke da dalma, kuma kada a wanke matatar da sabulu ko ruwan famfo mai kulorin, domin yana kashe ma'aikatan.

Ya rage ga jami'an kiwon kifi na jiha da malaman Jami'ar Jos su zauna da magina, a gwada yumɓun kowane wuri, a san wanda ya dace da irin wutar da yake so. In an yi haka magini zai sami sabuwar kasuwa, mai tanki ya rage kashe kuɗi. Sai dai a tuna shi ma yumɓu haƙo shi ake yi, saboda haka duk wanda ya ɗiba ya cike raminsa, kada a ƙara wa Bukuru wani kududdufin. Allah ya sa a dace, amin.