Kai Magani Har Gida a Karkara: Wa Zai Rubuta, Wa Zai Ɗauka, Wa Zai Biya?

Ƙwayar amlodipine, wadda da ita ake fara yi wa mafi yawan masu hawan jini magani a asibitocin Najeriya, tana cikin magunguna mafi araha a kantin magani. Amma ga dattijuwar da ke zaune a ƙauyen da motar haya ba ta shiga sai ranar kasuwa, kuɗin ƙwayar shi ne mafi ƙanƙanta a lissafinta. Akwai kuɗin acaba zuwa bakin titi, da na mota zuwa hedikwatar ƙaramar hukuma, da na jikan da zai raka ta, ga wuni guda da za a rasa a gona ko a sana'a. Duk wannan domin ma'aikacin lafiya ya duba katinta na 'yan mintoci, ya sake rubuta abin da ya rubuta a watan jiya. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta yi ta hawa har ta taɓa haura naira dubu, kuɗin wannan tafiya ma ya bi sahu.

Abin da ke biyo baya sananne ne ga duk wanda ke da tsoho a gida. Magani ya ƙare, jiki kuma bai nuna alamar komai ba, sai a ce a bari sai an sayar da amfanin gona. Hawan jini ba ya kururuwa. Ranar da zai yi magana, da shanyewar ɓarin jiki yake zuwa, ko da ciwon ƙoda da zai kai iyali layin wankin ƙoda a birni, inda kuɗin zama ɗaya ya isa sayen ƙwayoyin watanni masu yawa. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya nuna cewa a cikin kowane mutum biyar masu hawan jini a duniya, kusan huɗu ba sa samun kulawar da ta dace. Haka lamarin yake ga mai ciwon suga, da mai farfaɗiya, da mai sikila, da mai ɗauke da cuta mai karya garkuwar jiki: dukkansu maganinsu na kullum ne, kuma tsallake shi na da farashi.

Shi ya sa batun kai wa irin waɗannan majinyata maganinsu har gida, ko aƙalla har ƙauyensu, ya cancanci a ɗauke shi a matsayin batun siyasa, kamar yadda ake ɗaukar taki da hanya.

Wasu sun riga sun gwada

A lardin Tete na ƙasar Mozambik, a shekarar 2008, ƙungiyar likitoci ta MSF da hukumomin lafiya na yankin suka ɓullo da wata dabara da ba ta buƙatar na'ura ko ɗaya. Masu shan maganin cuta mai karya garkuwar jiki, waɗanda jikinsu ya daidaita, sukan haɗu su kai mutum shida. Kowane wata mutum ɗaya ne ke zuwa asibiti, a duba shi, ya karɓo wa sauran nasu. Wata mai zuwa wani ya tafi. Ke nan kowa yana ganin ma'aikacin lafiya sau ɗaya a wata shida, kuɗin mota kuma ya rabu gida shida. Duk wanda ya san adashi ya riga ya fahimci tsarin.

Afirka ta Kudu ta ɗauki wata hanya mai faɗi. Tun 2014 take gudanar da shirin da ake kira CCMDD, inda likita ko nas ke rubuta takardar maganin watanni shida ga majinyacin da ciwonsa ya lafa. Ana ƙulla maganin kowa da sunansa a wata cibiya guda, a aika da shi wurin da majinyacin ya zaɓa, ko kantin magani mai zaman kansa ne, ko ɗakin taron unguwa, ko wurin ibada, sannan a turo masa saƙo ta waya. Miliyoyin mutane ne suka yi rajista. Da annobar korona ta zo a 2020, hukumomin birnin Cape Town suka ƙara mataki ɗaya: ma'aikatan lafiya na unguwanni suka riƙa kai ƙunshin har ƙofar gida. Babbar matsalar da suka ci karo da ita kuwa ta adireshi ce da lambobin waya da ba daidai ba a katunan majinyata. Wannan a birni ke nan mai tituna da lambobin gidaje.

Najeriya ma ba baƙuwa ba ce a wannan fage, sai dai ta taƙaita shi ga cututtukan da masu ba da tallafi daga waje suka ɗauki nauyi. Masu shan maganin cuta mai karya garkuwar jiki sun daɗe suna karɓar na wata uku zuwa shida a lokaci guda, wasu ma a kantunan magani na unguwa. A kowace damina, dubban matasa maza da mata na bi gida-gida a jihohin Arewa, wata bayan wata, suna ba yara 'yan wata uku zuwa ƙasa da shekara biyar maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro. Kafin su, masu ɗigon rigakafin shan-inna sun taka kusan kowace ruga da kowane tungan masunta, har aka ayyana nahiyar Afirka a matsayin wadda ta rabu da ƙwayar cutar ta daji a watan Agustan 2020. Ƙasar da ta iya gano yaro a rugar da ba ta cikin taswira ba za ta ce ba ta san hanyar gidan kakarsa mai hawan jini ba.

Bambancin shi ne wanda ke biya. Kuma watan Janairun 2025 ya nuna hatsarin jingina da aljihun wani, lokacin da gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafinta na ƙasashen waje, ma'aikatan da ke bibiyar majinyata suka wayi gari ba su san matsayinsu ba, har majalisar tarayya ta ƙara dala miliyan 200 a kasafin lafiya domin toshe giɓin.

Jirgi marar matuƙi da iyakarsa

Da zarar an ambaci kai magani karkara, hoton da ke zuwa zuciyar 'yan siyasa shi ne jirgi marar matuƙi. Kamfanin Zipline ya fara aiki a Ruwanda a 2016, ya shiga Ghana a 2019, sannan ya buɗe cibiya a Pambeguwa ta jihar Kaduna a 2022. Jiragensa na ɗaukar kayan da bai kai kilo biyu ba, su yi tafiyar kusan kilomita 80, su saki ƙunshin da 'yar lema. Ga jinin da mai naƙuda ke buƙata cikin gaggawa, ko allurar rigakafin da dole ta isa da sanyinta, wannan babban ci gaba ne, musamman inda hanya ta zama tarkon masu garkuwa da mutane.

Sai dai asibiti jirgin ke kai wa. Daga asibitin zuwa zauren majinyaci aikin ƙafa ne da babur. Maganin hawan jini kuma ba na gaggawa ba ne: an san ranar ƙarewarsa tun wata uku kafin ta zo, ba ya lalacewa da wuri, kwali guda a bayan babur zai wadatar da gunduma. Abin da yake buƙata rajista ce mai kyau da mutumin da ake biya albashinsa a kan kari, abubuwan da ba a yanka musu kirtani a gaban kyamara.

Inda gizo ke saƙar

Matsala ta farko ta doka ce. A mafi yawan ƙauyuka mai kemis shi ne likita, shi ne mai ba da magani, wani lokaci shi ne mai ba da bashi. Lasisinsa kuwa na magungunan da ba sa buƙatar takardar likita ne kawai, ba ya haɗa da na hawan jini ko na suga ko na farfaɗiya. Kowa ya san ana sayarwa, hukuma ma ta sani. Ƙwararrun masu harhaɗa magunguna da doka ta amince wa sun taru a birane. Ƙa'idojin sayar da magani ta intanet da hukumar kula da sana'ar ta fitar a 2021 sun buɗe ƙofa ga kamfanonin da ke kai magani gida, amma kasuwarsu tana Legas da Abuja da manyan birane, inda mai saye ke da adireshi da wayar zamani da asusun banki. Zaɓi biyu ne a gaban hukumomi: ko a horar da zaɓaɓɓun masu kemis su zama wuraren karɓar ƙunshin da aka riga aka ƙulla da sunan majinyaci, ba tare da sun rubuta ko sun canza komai ba, ko a ci gaba da kawar da kai.

Masu adawa da sassautawa suna da hujja mai ƙarfi, kuma Arewa ta fi kowa saninta. Yankin da ya ga abin da kodin da tiramadol suka yi wa matasa, har gwamnatin tarayya ta hana shigowa da sarrafa maganin tari mai kodin a watan Mayun 2018, yana da dalilin tsoron duk wata sabuwar kafa da magani zai bi ba tare da sa ido ba. Wasu magungunan farfaɗiya da na taɓin hankali suna da masu nema a bayan fage. Ga kuma jabu. Rufe shaguna fiye da dubu a kasuwar magani ta Sabon Gari a Kano a watan Fabrairun 2024, da tilasta wa dillalai komawa cibiyar Dangwauro, duk ƙoƙari ne na sanin inda kowane kwali ya fito. Amma wannan hujja tana goyon bayan tsarin da ke da rajista ne. Ƙunshin da ya fito daga rumbun magunguna na jiha, da sunan mai shi a jiki, da sa hannun wanda ya karɓa, ya fi sauƙin bibiya a kan ƙwayoyin da ake ƙirgawa a leda ranar kasuwa.

Ta biyu ita ce duba majinyaci. Takardar magani ba a sabunta ta ido rufe. Dole a auna jini, a ga ko adadin ya isa ko ya yi yawa. A nan shirin daƙile hawan jini da aka fara gwadawa a cibiyoyin lafiya na matakin farko a jihohin Kano da Ogun ya nuna hanya, domin ya ba ma'aikatan lafiya na al'umma damar aunawa da ba da magani bisa tsari mai sauƙi, mataki bayan mataki, su tura mai tsanani gaba. Na'urar awon jini mai batir tana shiga jaka ɗaya da maganin.

Allurar insulin ce ke da wuyar sha'ani, saboda ana ajiye ta a sanyin da ke tsakanin digiri 2 zuwa 8, a yankin da zafin bazara ke haura 40 kuma babu wuta. Duk da haka, binciken da MSF da Jami'ar Geneva suka wallafa a 2021, bisa yanayin sansanin 'yan gudun hijira na Dagahaley a Kenya, ya gano cewa kwalbar da aka fara amfani da ita tana riƙe ƙarfinta har mako huɗu a zafin da ke kai-komo tsakanin digiri 25 da 37. Dabarar sanyaya abu da tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, wadda ta sa malamin nan na Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya samu lambar yabo ta Rolex a 2000, tana iya rage zafin abin da aka ajiye a cikinta zuwa wannan mataki. Ma'anarsa ita ce mai ciwon suga a ƙauye yana buƙatar a kawo masa kowane wata daga firjin asibiti, ba na wata shida a lokaci guda ba.

Sai tsaro. A watan Satumban 2021 an katse layukan waya a Zamfara da sassan maƙwabtanta, an taƙaita hawan babura, an hana sayar da fetur a jarka. Duk tsarin da aka gina a kan saƙon waya da ɗan acaba kaɗai zai tsaya cik a irin wannan rana. A waɗannan yankuna, ba majinyaci maganin watanni masu yawa a hannu, da tsarin karɓa-karɓa irin na Tete, sun fi kowace manhaja amfani. Akwai kuma batun sirri: babur mai tambarin asibiti da ke tsayawa a ƙofar gida ɗaya kowane wata sanarwa ce ga unguwa. Idan jakar na ɗauke da maganin hawan jini da na suga da na kowa, ba wanda zai san abin da aka miƙa wa wa.

Kuɗin yana ina?

Fiye da kashi 70 cikin ɗari na abin da ake kashewa a kan lafiya a Najeriya daga aljihun majinyata yake fitowa. Alƙawarin da shugabannin Afirka suka ɗauka a Abuja a 2001, na ware kashi 15 na kasafi ga lafiya, gwamnatin tarayya ba ta taɓa cika shi ba. Duk da haka akwai tukwanen da za a iya ɗiba. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko da aƙalla kashi ɗaya na kuɗin shigar tarayya. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta wajabta inshora ga kowa, ta kuma tanadi asusu na musamman domin marasa galihu. Shirin CHIPS, wanda shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar a Lafiya a watan Fabrairun 2018, an tsara shi ne domin samar da mutanen gari, galibi mata, da za su riƙa shiga gidaje da saƙon lafiya. Ga kuma hukuncin Kotun Ƙoli na watan Yulin 2024 da ya ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, kuma su ne mafi kusa da asibitocin sha-ka-tafi.

Saboda haka tambayoyin da ya kamata a riƙa yi wa shugaban ƙaramar hukuma da ɗan majalisar jiha ba masu wuya ba ne. Mutum nawa ne a rajistar masu hawan jini da ciwon suga a cibiyar lafiya ta gunduma? Nawa ne daga cikinsu ba su dawo karɓar magani ba a wata ukun da suka wuce, kuma wa ya bi sawunsu? Yaushe rabon da a biya ma'aikatan sa-kai alawus ɗinsu? Cibiyar da ke karɓar kuɗin asusun matakin farko tana da kwamitin raya gunduma da ke sa ido a kan yadda ake kashe su, kuma 'yan kwamitin mutanen garin ne da ake haɗuwa da su a masallaci da wurin ɗaurin aure.